Juma'a Ta Uku

Litinin, 29 ga Afrilu

Sabuwar shugabar ɗakin maza na asibitinmu ta manna jadawalin aiki na wata. Mai Jan Biro muke ce mata, don ko gaisuwa ka yi mata sai ta ja mata layi. Ta rubuta a ƙasa: babu musayar aiki daga yau. Shekara biyu ni da abokiyar aikina Doguwa muna yin abinmu da baki, ta riƙe min Juma'a in je masallaci, in riƙe mata Lahadi ta je coci. Yanzu Juma'a uku a jere aka jibga min aikin safe, takwas zuwa uku.

Gaskiya da laifinmu. Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da Doguwa ran Juma'a, ni ina masallaci wayata a kashe, sunana ne a jadawali. Awa uku gado ashirin suna hannun mutum ɗaya. Duk da haka raina ya ɓaci.

Juma'a, 3 ga Mayu

Ta ɗaya ta wuce. Na yi azahar a ɗakin ajiye zannuwan gado, goshina kusa da bokiti.

Lahadi, 5 ga Mayu

Ina hutu, ban san me zan yi da Lahadi ba. Doguwa tana can tana raba magani, na tabbata ita ma zagina take a zuci. Na je gaida Baba. Bai yi faɗa ba, ya dai ce bai gan ni a sahu ba. Gara ya yi faɗan.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ta biyu. Tsohon gado na shida, mai ciwon suga da aka yanke wa ƙafa, ya roƙe ni in buɗe masa taga ko zai tsinci huɗuba daga lasifika. Ba a jin komai sai gunji. Ya ce wata biyu rabonsa da masallaci, shi da tun yana saurayi bai taɓa fashi ba. Na ce masa ai shi yana da uzuri. Ya ce ni ma. Na ci gaba da wanke masa ciwon.

Laraba, 15 ga Mayu

Malamin unguwa ya ce mai jinyar marar lafiya ba ya cikin waɗanda aka yi wa gargaɗi kan barin Juma'a uku. Na ji, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Tun ina yaro nake tsoron wannan ukun.

Na shiga ofishin Mai Jan Biro da shirin rigima. Ta bar ni na gama zuba, sannan ta ce awa ɗaya, daga ɗaya da rabi, ita da kanta za ta tsaya min. Duk maganar da na haddace ta tashi a banza, har kunya ta kama ni.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na yi alwala, na cire farin kaya na sa jallabiyata, har turare na shafa. Ina wucewa ta gado na shida na ga zanen ya jiƙe ja. Ɗinki ya buɗe. Na danne wurin da bandeji, na ƙwala wa Mai Jan Biro kira ta nemo likita. Ta dawo da safar hannu a hannunta ta ce in matsa, za ta karɓa, in tafi kar in makara.

Ta fi ni ƙwarewa nesa ba kusa ba. Babu wanda ya tilasta min tsayawa. Hannuna ne kawai ya ƙi ɗagawa, ga tsohon ya damƙe min hannun riga.

“Ɗana, na hana ka Juma'a,” in ji shi.

“Baba, kwanta kawai. Ina nan.”

Muna haka na ji liman ya yi kabbara can nesa. Likita ya iso, muka tura gadon zuwa tiyata. Azahar sai wajen uku da rabi, da rigar aro, tawa ta ɓaci da jini.

Asabar, 18 ga Mayu

Tsohon ya farfaɗo. An ƙara masa jini leda biyu. Mahaifina ya tambaye ni a waya ko na je Juma'a, na ce ina aiki. Ban ƙara komai ba, ban kuma kira sunan kowa ba.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ina hutu. Na je da wuri, na samu sahun farko kusa da Baba. Abin da na yi wata guda ina nema ke nan, kuma na gode wa Allah.

Sai dai ba zan iya faɗar abin da liman ya yi huɗuba a kai ba. Sau uku na duba agogo. Allurar tsohon ƙarfe biyu ce, Doguwa kuma ba ta san cewa sai a hannun hagu jijiyarsa ke fitowa ba. Ana sallama na miƙe. Baba ya ce ina zuwa haka, ba yau nake hutu ba? Na ce mantuwa na yi a wurin aiki.