Naman Gidan Sale

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali. Yaya ƙafar Inna?

Ka tuna Sale, maƙwabcina a layin mahauta nan Garuwa? Ya soki gwamnati a wurin mai shayi, washegari aka zo da mota aka tafi da shi. Ka san al'adarmu, mahauci in ya shiga wahala, kullum muna aika nama gidansa. Wannan karon ba wanda ya aika. Jiya matarsa ta tsaya gabana, na sunkuyar da kai ina ta wasa wuƙa har ta wuce. Haka tsoro ya mayar da ni, Yaya?

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Inna da yara. In za ka amsa, kada ka rubuta sunansa.

Ƙanenka,
Isa