Bishiyar da ta Karkata kan Ɗakin Mama

Asabar, 7 ga Yuni

Reshe ya faɗo da la'asar, ana tsakiyar iska. Bai taɓa ɗakin Mama ba. Da ƙyar ya kuskure kwanon rufin, ya je ya kwanta a ƙofar gida ya tare hanyar mota. Mama tana ciki tana gyangyaɗi, rediyo na ta surutunsa. Alhamdulillahi. 

Da ruwa ya tsagaita na zagaya gindin bishiyar turaren. Na soka sanda, ta shige kamar cikin burodi. Gara ta gama da cikinta. Ga shi ta karkata sak kan ɗakin Mama. Tun bara nake faɗa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na kira Yaya. Abin da ya fara fita daga bakinsa: "Kar dai ki gaya wa Mama." Ko ya tambayi lafiyarta tukuna.

Haka gidanmu yake. Tun da likita ya ce jininta na hawa aka daina gaya mata komai. Akuyarta ta mutu, aka ce an kai ta kiwo. Rijiya ta rufta, aka ce gyara ake. Bishiyar kuwa marigayi Baba ne ya dasa ta da hannunsa, don haka Yaya ya yanke hukunci daga ofishinsa na birni cewa ranar da ta ji za a sare, sai gadon asibiti.

Dabararsa: a ce za a yi wa ɗakinta fenti, ta koma falo kafin a san abin yi. Na ce ƙaryar ko fasali ba ta da shi. Ya ce, "Auta, ki bi a hankali." Na haura hamsin, furfura ta cika min kai, har yau Auta.

Na dai je na faɗa mata. Ta dubi bango, ta dube ni. "Fentin me? Wa zai zo kallo?" Ta gyara filo.

Littattafai nawa na karanta da mutane ke mutuwa a ciki, ta takobi, ta guba, ta soyayya. Ban taɓa cin karo da wadda ladabin 'ya'yanta ya kashe ba.

Talata, 10 ga Yuni

Na hau motar haya zuwa gari, tunda tawa tana tsare a bayan reshe. Zarto mai inji na je saya.

Mai shago ya yi min kallon wadda ta ɓata hanya. "Hajiya, maigida ne zai yi aiki da shi?" Na ce ni ce maigidan, ni ce kuma yaran gidan, ya sauko min da su in gani.

Yaya ya riga ya turo saƙo: in sayi mafi girma. Shi komai sai mafi girma, mutumin da gwangwanin madara ke gagararsa buɗewa. Na ɗaga babban, kafaɗata ta ce ba da ita ba. Mai batir ɗin ya burge ni, shiru-shiru, mara nauyi, sai dai wutarmu sai ta ga dama take zuwa. Na tsaya kan matsakaici mai shan fetur, wanda na iya riƙewa a miƙe hannuna bai yi rawa ba. Na sa ya nuna min birkin da ke tsayar da sarƙa idan injin ya yi tsalle. Na ce ya sake. Ya sake. Na haɗa da safar hannu, tabarau, abin toshe kunne, da wani wando mai kauri da ya mayar da ni kamar buhu.

Da zan fita ya ce, "Allah ya tsare, Hajiya," da muryar mai rakiyar gawa.

Na ɓoye shi a ɗakin ajiya, bayan buhunan taki. Abin da na saya da guminna, a gidan ubana, ina ɓoyewa kamar ɓarauniya.

Laraba, 11 ga Yuni

Na karance littafin injin tas, har gargaɗin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Rabona da littafin da ya faɗi gaskiya haka an jima: yi kaza, ka rasa ƙafa.

Sai da na ja igiyar har na fara zagi kafin ya tashi. Da ya tashi kuwa! Reshen da ya tsare ni kwana da kwanaki ya zama gunduwa-gunduwa kafin azahar. Garin katako har cikin kunnena. Ban san rabon da in ji daɗi irin wannan ba, kuma ba zan gaya wa kowa ba.

Mama ta tambayi ƙarar me take ji. Na ce babur ɗin maƙwabta ne. Ta ce, "Uhm."

Alhamis, 12 ga Yuni

Uwar bishiyar ta fi ƙarfina, na sani, ba hauka nake ba. Mai saran itace ya zo ya duba. Zai hau ya rage ta daga sama gaɓa-gaɓa, yana sauko da rassan da igiya, sannan a ɗaure gangar bishiyar a ja ta ta faɗi wajen gona. Jibi. Ya ce kar kowa ya kwana ƙarƙashinta. Na ce ya shiga ya gaya wa mai ɗakin da kansa, ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Sabon shirin Yaya: ranar zai zo da mota ya kai Mama gidan ƙanwarta, in ta dawo a ce iska ce ta kayar. Na ce wace irin iska ce mai yanka a daidaice, ta kuma jera itace a jikin katanga? Ya kashe waya.

Juma'a, 13 ga Yuni

Hadari ya haɗu, ya watse. Na gode Allah.

Asabar, 14 ga Yuni

Ta faɗi. Ta faɗi wajen gona, kowa lafiya, kwanon ko kwarzane. Bari in rubuta tun da sauran ƙarfina.

Yaya ya iso da sassafe cikin farar shadda. Mai sara ya laɓe bayan katanga da igiyoyinsa kamar yadda aka umarce shi. Muka shiga, Yaya ya durƙusa: "Mama, shirya mu je ki gaida ƙanwarki, tana ta cigiyarki."

"Jiya muka yi waya, ba ta ce ba." Ta juyo kaina. "Ke, ɗauko min kujera ki kai inuwar katanga. Ki fito da abin nan da kika ɓoye bayan taki, duk gidan warin fetur yake. Shi ma bawan Allahn nan a ce ya fito, ya sha ruwa."

Yaya ya fara in-ina, wai ai bishiyar Baba ce, ba mu so ranta ya ɓaci.

"Ni nake kwana ƙarƙashinta. Tun bara nake jin kukanta in iska ta taso. Na ga kuna ji da ita, abin ubanku ne, na ja bakina." Ta gyara mayafi. "Da kun ce bishiya ce, da tuni na tashi. Fenti kuka ce."

Na fashe da dariya har na zauna a ƙasa. Daga baya abin ya juye ya zama wani abu, sai na shige bayi na wanke fuska.

Aikin ya kai mu la'asar. Mai sara yana sama, ni ina ƙasa ina daddatsa abin da ya sauko da shi, Mama tana kujera tana ba da umarnin da ba wanda ya nema: "A kula min da tulun nan!" Da aka zo jan gangar hannu bai isa ba. Yaya ya tuɓe shaddar, ya rage daga shi sai singileti, ya kama igiya. Ban taɓa ganin tumbinsa yana aikin alheri ba sai yau.

Lokacin da bishiyar ta tafi, ƙasa ta girgiza, kaji suka watse. Na waiwaya. Mama ba ta kalla ba, tafin hannunta take kallo. Can ta ce a dafa mata shayi.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na auna jininta da safe. Ya fi nawa kyau.

Tana mitar rana ta cika mata ɗaki, wai yanzu ta ga bangon da gaske, kuma lallai yana son fenti.

Alhamis, 19 ga Yuni

Yaya ya dawo, ba wanda ya kira shi. Tafukansa duk sun yi bororo, ya naɗe su da bandeji kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ya daɗe a ɗakin Mama. Na ji shi ta taga yana gaya mata maganar aikin idon da za a yi masa wata mai zuwa, wanda ni ma sai yau na ji. Ta yi masa faɗa son ranta, ta sa masa albarka, ta ce ya ci abinci.

Da ya fito ya tsaya yana kallon gangar da ke kwance a gona. "Auta, abin nan naki, yana da wuyar koyo?"

Amsoshi sun zo min bakina, masu kyau, masu kaifi, irin waɗanda na daɗe ina tanadi. Na ce ya bari hannun ya warke, ya zo ranar Asabar, kuma ban da shadda.

Ba wai na huce ba ne. Itacen ne da yawa.