Fitilar Ƙofar Kaya da Ƙarar da Aka Kai Gidanmu

Zuwa ga Darakta mai kula da matuƙa jiragen kamfaninmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan aiki na tafiya lafiya.

Ni ce mataimakiyar matuƙi da aka cire daga jadawalin tashi makonni uku da suka wuce. Na kai takarda ofishinku na Ganhi sau biyu, sakatare ya buga mata hatimi mai kyau, shi ke nan. Shi ya sa na fito fili.

Na farko, abin da ya faru. Kafin a tayar da inji, akwai jerin abubuwan dubawa: ni in karanta, kwamanda, wato babban matuƙi, ya duba da idonsa ya amsa. Da na zo kan ƙofofi, ya ce a rufe suke, idonsa na kan wayarsa. Fitilar ƙofar kaya kuwa tana kunne, alamar ba ta rufu ba. Na maimaita layin, ya maimaita amsar. A karo na uku na ajiye takardar a cinyata na nuna masa fitilar da yatsa. Makaniki ya zo ya tarar sakatar ba ta shiga ba. Muka makara kaɗan, fasinjoji suka isa lafiya da kayansu.

Na biyu, kwamandan ya haddace takardar tun kafin a haife ni, ban musa ba. Sai dai hadda ba ta rufe ƙofa.

Na uku shi ne ya fi ba ni mamaki. Bai rubuta rahoto ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya je zauren mahaifina a Zongo, da yake tare suka taso, ya ce wai na nuna masa yatsa a gaban makaniki. Mahaifina, wanda bai taɓa ganin cikin ɗakin tuƙi ba, ya yanke hukuncin in je in ba Baba kwamanda haƙuri. Na je gidansa a unguwar Houéyiho na durƙusa na bayar, domin a gida babana ne. Washegarin aiki na tarar babu sunana a jadawali, wai sai zukata sun huce. Ban san a wane shafin dokar kamfani aka rubuta wannan ba.

Ina roƙon a mayar da ni aiki kafin lokacin sabunta lasisina ya wuce. A saurari makanikin, yana nan. Sannan a faɗa wa duk ƙananan matuƙa a rubuce: in babba ya amsa ba tare da ya duba ba, mu tsaya ko mu wuce layi na gaba? Duk wanda kuka zaɓa, ku sa hannu a ƙasa, domin akwai fasinjojin da za su so su sani.

Allah ya ƙara wa Darakta lafiya, ya sauke kowane jirginmu lafiya.

Wassalam.

Rabi'atu, Zongo, Kwatano