Ƙarfen Da Na Sa Aka Kafa Wa Motar Babanku

Ku da za ku karanta wasiƙar nan, ba jaje nake nema ba. Duk wanda ya sa aka yi wa gaban motarsa waldar ƙarfe, ya karanta har ƙarshe.

Zuwa ga 'yata ta fari, mai karatun injiniya a Maleshiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kina kuma tsare sallarki a kan lokaci.

Kin tuna hutun da kika zo, ranar da Babanku ya shigo da motar nan? Na ƙwanƙwasa bambar gabanta, na ji ta kamar bokitin wanka, na ce an cuce mu. Kika ce faiba ce, roba da zare aka haɗa, kuma da gangan ake yin gaban mota ya murƙushe in an yi karo, don ya shanye bugun kafin ya kai ga mutum. A gaban ƙannenki na ce boko ya hau miki kai. Kika ci gaba da tsintar shinkafa.

Kina komawa na tasa Babanku a gaba, shi ma ba da son ransa ba. Ni na samo mai walda a Unguwar Kanawa, ni na tsaya a kansa har ya cire bambar, ya kafa ƙarfe irin na ƙofar gida. Har maƙwabta na kira su gani.

Ranar Talata da hantsi, a hanyar Mando, Babanku ya yi karo da wata ƙaramar mota. Da na isa, gaban waccan ya dagargaje, amma matar da ke tuƙa ta tana tsaye da ƙafafunta, hular Babanku a hannunta. Ƙarfena kuwa yana nan, da ƙyar ya lanƙwasa. Jakar iskar sitiyari, mai kare ƙirjin direba in an yi karo, ba ta buɗe ba. Makaniki ya ce an yanke wayarta ranar waldar. Babanku ya karye a haƙarƙari.

In zai yi tari sai ya rungume filo, ya juya wa bango fuska don kada in gani.

Da kika kira, na ce miki zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ƙarya na yi, ni da na sha zane ku a kan ƙarya.

Ke ce ta fari, ban saba kiran sunanki ba, balle ba ki haƙuri. Yau zan yi duka biyun. Ruƙayya, ke ce da gaskiya. Ki yafe mini.

Allah Ya ba Babanku lafiya, Ya yi wa karatunki albarka, Ya dawo mini da ke in faɗa miki wannan ido da ido.

Mahaifiyarki,
daga Doka, Kaduna.

Jiya aka cire ƙarfen. Na tara ƙannenki na kafa doka: daga yau babu mai ƙara wa motar gidan nan ko ƙusa ɗaya sai an kira Ruƙayya an tambaye ta. Dokar ta fara daga kaina.