A Mayar da Malama Rakiya Ajin Lissafi

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Makarantar Al'umma ta unguwarmu, cikin Birnin Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da 'ya'yan mutane.

Ranka ya daɗe, ni ne Tanimu maɗinki na Kusfa, mahaifin Safiya da ke aji biyu na ƙaramar sakandare. Ka san ni, don ni na yi aikin rigar da ka sa ranar da aka buɗe sabbin azuzuwa. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka kan wannan magana. Zuwan farko an ce ka yi tafiya, na biyu kana da baƙi, na uku na zauna a zaure har aka kira azahar. Ban ce guduna kake yi ba, na san hidimar jama'a ta yi maka yawa. Amma lokaci na ƙurewa, kuma maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, shi ya sa na rubuta ta a fili.

Ga maganar. Mako uku ke nan da kwamitinku ya cire Malama Rakiya daga koyar da lissafi, aka mayar da ita ɗakin ajiyar littattafai tana buga musu hatimi. Wata makaranta a Wusasa ta ji labari ta neme ta, ita kuwa ta ce za ta ba su amsa a ƙarshen wannan wata. In ta tafi, 'yata da 'yan ajinsu sun rasa malamar da ta fara sa suka daina tsoron lissafi. Ina roƙon ka karanta dalilaina kafin watan ya ƙare.

Na farko, bari in fara da kaina, don ka san inda abin yake yi mini ciwo.

Ni ma na yi sakandare, ko da yake mutane da yawa ba su sani ba. A aji biyu na tsaya, kuma layin lambobi ne ya tsayar da ni. Ka san mu 'yan cikin gari, tun muna shekara huɗu muke riƙe allo, kafin mu san fensir hannunmu ya riga ya saba da farawa daga dama. To malaminmu na lissafi ya ce kowa ya ja layi a kwance, ya sa sifili a tsakiya, ya jera lambobi. Ni kuwa sai hannuna ya jera ɗaya, biyu, uku zuwa hagu, yadda ya saba. Malam ya ce uku a ɗebe biyar, a tsaya a kan uku a yi taku biyar zuwa hagu. Na yi yadda ya ce, ban ƙara ban rage ba, na sauka a kan takwas. Ya zane ni. Washegari na sake samun takwas, ya sake zane ni. Bai taɓa leƙa littafina ya ga yadda layin nawa yake ba, ni kuma ban san akwai abin da zan nuna masa ba. 'Yan aji suka laƙaba mini Tanimu Takwas, har yau akwai wani mai kayan miya a kasuwa da yake kirana da shi.

Na bar makaranta na kama allura. Ban yi nadamar allura ba, ita ta rufa mini asiri, da ita na yi aure na raini yara shida. Abin da ya dame ni shi ne na yi shekara talatin da wani abu ina ganin kaina daƙiƙi, alhali ina ƙirga zare a wuyan riga tun safe har yamma ba na kuskure ko ɗaya.

Bara, da Safiya ta shiga aji ɗaya, sai ga littafinta ya fara dawowa gida duk jan biro. Wata rana ta ajiye shi ta ce, "Baba, ni kaina ne ba ya ja." Na juya na ce wa mahaifiyarta a ƙyale ta, gado ta yi. A gabanta na faɗa, ta kuma ji. Wannan kalma tawa tana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu a rayuwa.

Na biyu, abin da Malama Rakiya ta yi da aka ba ta ajin a farkon bana.

Makon farko ba ta koyar da komai ba, littattafan yara ta tattara ta zauna tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Nan ta ga da yawansu layinsu ya juya, irin nawa sak. Ba ta ce laifin allo ba ne, ba ta kuma ce laifin yaran ba ne. Safiya ta ce Malama dariya ta yi, ta ce ita ma haka ta yi tana yarinya, kuma tunda dama da hagu ne suke rikita su, to a bar dama da hagu tukuna, a koma sama da ƙasa, don babu yaron da bai san sama da ƙasa ba.

Sai ta fita da su rijiyar makaranta. Ta samo igiya ta yi mata ƙulli-ƙulli, kamu ɗaya tsakanin kowane biyu, ta ɗaura guga, ta ratayo igiyar ta reshen darbejiyar da ke bisa rijiyar. Ta ɗaura jan ƙyalle a ƙullin da yake zuwa hannun mai ja daidai lokacin da guga yake bakin rijiya, ta ce wannan shi ne sifili. In an ja ƙulli uku, guga ya hau sama da uku. In an saki biyar daga nan, ya wuce baki ya nutsa da biyu, wato biyu ƙasa da sifili. Uku a ɗebe biyar ke nan, ranka ya daɗe, tambayar da ta raba ni da makaranta. Yara suka riƙa karɓar igiyar bi da bi, wannan ya ja, wancan ya saki, sauran suna ƙirgawa da ƙarfi. Da ta tambaye su wanne ya fi ƙanƙanta, bakwai ƙasa da sifili ko biyu ƙasa da sifili, babu wanda ya yi inda-inda, kowa ya san gugan da ya fi nutsewa.

Bayan mako biyu ta koma da su aji. Ta zana layin a tsaye a jikin wani katako, sannan ta riƙa kwantar da katakon a hankali suna kallo, har saman ya koma dama, ƙasan ya koma hagu. Daga ranar Safiya ba ta sake juya layi ba. Dabara ce da duk wanda ya ji zai ce ai mai sauƙi ce, amma malamai nawa suka wuce ta wannan aji ba ta faɗo musu ba?

Na uku, maganar aljabara, wannan lissafin da ake sa haruffa a ciki.

Nan ma ba ta fara da x a allo ba. Ta haɗa sikeli da sanda da murafen gwangwani biyu, ta sa yara suka tsinto mata murafen kwalba. Sai ta ƙunshe wasu a takarda ba tare da sun ga adadinsu ba, ta ɗora ƙunshin da murafe uku a gefe guda, ta ɗora takwas a ɗaya gefen, sikeli ya daidaita. Sharaɗinta ɗaya ne: ba a kwance ƙunshi sai an faɗi abin da ke ciki, kuma duk abin da ka ɗauke a nan sai ka ɗauki irinsa a can. Aka ɗauke uku-uku, ƙunshi ya rage shi kaɗai yana fuskantar biyar. Aka kwance, biyar ne cif. Sai a lokacin ta gaya musu cewa wannan ƙunshin shi ne a littafi ake rubutawa x.

Safiya ta dawo gida ta ɗebi zarena ba tambaya, ta haɗa nata sikelin. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ta ce in zauna ta gwada ni. Bayan la'asar ne, a zaure, riga tana kan cinyata. Ta ɗora ƙunshi biyu da murfi ɗaya a gefe, tara a ɗaya gefen. Na ɗauke ɗaya nan ɗaya can, na raba takwas gida biyu, na ce huɗu-huɗu. Ta kwance, haka ne. Alhaji, ba zan ɓoye maka ba, sai da idona ya cika da hawaye. Na ji daɗi, na kuma ji haushi ƙwarai, don na gane ashe da na sami irin Malama Rakiya ina yaro da ban bar aji ba.

Na huɗu, dalilan da aka ba mu a taron iyaye.

An ce wakilin kwamiti ya zo zagaye ya tarar da aji ba kowa, yara na gindin bishiya suna hayaniya. Gaskiya ne. Amma da ya matsa kusa da ya ji hayaniyar ta ƙirga ce. Daga bakin ƙofa ya tsaya, ya juya ya rubuta rahoto.

An ce tana koyarwa da Hausa alhali jarrabawa da Turanci ake yi. Tana fara bayani da Hausa, in sun gane ta ba su sunan abin da Turanci su rubuta. A kira Safiya a yi mata tambaya da kowane harshe aka ga dama, na yarda.

An ce littattafan yaranta ba su cika da rubutu ba. Littafin Safiya na bara yana nan a gida, cike yake har bango, rubutu tsaf kamar na magatakarda, kuma ko layi ɗaya ba ta gane ba. Duk mai so ya zo in nuna masa.

Sai maganar haɗarin rijiya. A nan kam na ba ku gaskiya, duk uba zai ji tsoro, kuma na gode da kuka tuna. Sai dai mai jan igiya nesa da baki yake tsayawa, Malama kuma ta ja layi a ƙasa da babu yaron da yake tsallakewa. In hakan bai isa ba, ai maganin rijiya murfi ne, ban ga abin da ya kai ga cire malama ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne an yanke hukunci ba a kira ta an ji ta bakinta ba, kuma cikin waɗanda suka yanke babu wanda ya taɓa zama a ajinta ko na minti goma. Ban zaci haka daga kwamitin da kake shugabanta ba. Kai ne ka ba da filin da ka gada aka gina wannan makaranta, lokacin da yaranmu suke fita bayan ganuwa a ƙasa don neman aji. Kai ne ka bi gida-gida kana lallashin iyaye. Ban manta ba, shi ya sa na tabbata ba a kawo maka labarin yadda yake ba.

Malamin da aka ba ajin yanzu ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Yaron kirki ne, sai dai lissafi ba fanninsa ba ne, an ɗora masa ne ya karɓa. Yana rubuta ƙa'ida a allo yara suna rerawa, mainos da mainos ya zama fulos. Sun haddace tsaf, suna kuma liƙa ta ko'ina, har inda ba wurinta ba.

Na je na sami Malama Rakiya a cikin littattafan nan ranar Litinin. Ba ta zagi kowa ba. Cewa ta yi, "Baban Safiya, ni ba zan je in roƙi kowa ba. Amma in aka ba ni ajina gobe, Wusasa su nemi wata."

Saboda haka ga buƙatuna, ranka ya daɗe:

1. A mayar da Malama Rakiya ajin lissafi kafin ƙarshen wannan wata.

2. Ka zo da kanka ka zauna a darasinta sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. In ka fito ka ce ba ka ga amfani ba, na janye maganata, zan kuma faɗa a fili kamar yadda na rubuta a fili.

3. A yi wa rijiyar murfin ƙarfe mai ƙofar guga. Mun yi magana da iyaye, cikinmu akwai maƙeri akwai magini, izini kawai muke jira.

Abu na ƙarshe da nake so ka sani. Tun da aka cire Malama, kullum bayan la'asar 'yan mata bakwai daga ajin suna taruwa a zaurena, Safiya tana maimaita musu abin da ta tuna. Na matsa da ɗinkina gefe na ba su wuri. Sun yi tarawa, sun yi ɗebewa, sun kwance ƙunshi iri-iri. Yanzu sun iso daidai inda Malama ta tsaya, wato ninka lambar ƙasa da sifili da 'yar'uwarta. Sun san abin da ake rerawa a aji, amma Safiya ta ce ba za ta koya wa kowa abin da ba ta iya nunawa ba. Kwana huɗu ke nan suna zuwa su zauna su tashi a wuri ɗaya. Jiya suka juyo gaba ɗayansu suka tambaye ni, wai me ya sa yake zama fulos. Na ce musu ni ban sani ba, amma na san mutumin da zai iya dawo musu da wadda ta sani. Suka ce wa? Na faɗi sunanka.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya sa wannan makaranta ta zama hujja gare ka ranar gobe. In na yi kaushin harshe a wani wuri, a yafe mini, zafin uba ne.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Tanimu maɗinki, mahaifin Safiya,
Kusfa, Birnin Zariya.