Littafinka Ya Je Gaban Alƙalan Duniya

Malam,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, amma labarin ya fi ƙarfin cikina, kuma kai ne mai shi.

Ka tuna littafin nan mai baƙin bango da kake rubutu a ciki lokacin kana aikin gandun daji? Lambar kowace tirela da ta fita da madobiya ta wajen Damari, da ranar, da inda aka sare itacen. Sau nawa na yi maka faɗa, na ce za ka jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu? Bayan rasuwarka har shafi biyu na yage na hura wuta da su. Ka yafe mini.

Bara wasu lauyoyi suka zo Birnin Gwari da rakiyar sojoji, suna nemansa. Wai gwamnati ta kai ƙarar kamfanin ƙasar wajen da ke kwashe itacen a wata kotun duniya. Ƙaninka Sule ya ce kada in bayar. A cewarsa ba don Allah ake yi ba. Wata babbar ƙasa ce ta ɗauki nauyin shari'ar, domin ba ta ga maciji da ƙasar masu kamfanin, kuma idonta na kan zinariyar da ke ƙarƙashin dajin. Manyanmu kuwa abokai suka sauya bayan zaɓe. Wasu da ke tura ƙarar yau, jiya su ne ke share wa tirelolin hanya.

Kwana uku ina juya maganar. Ina jin Sule bai yi ƙarya ba. Amma shin don a ɓoye ka rubuta? Na miƙa musu.

Malam, da idona na ga zaman kotun a wayar 'yarmu Asma'u. Wani ɗaki mai faɗin filin idi, alƙalai jere cikin baƙaƙen riguna, ga rubutunka an haska a bango, har da tabon manja a gefen shafi. Ƙasashen da ban san sunansu ba suna jayayya a kan abin da ka rubuta da biro, a kan cinyarka, a gindin ɗorawa. Ashe duniya haka take a ɗaure da juna?

Har yanzu ba a yanke hukunci ba. Ko dajin za a ceta, ko sabon mai saye ake gyara wa wuri, Allah masani.

Saura abu ɗaya. Wata tsohuwar alƙaliya ta karanta sunanka, ta karya shi. Ban san lokacin da na gyara mata da ƙarfi ba, a gaban yara. Shekara ashirin da shida muna tare, kunya ba ta taɓa barina na kira shi ba sai ranar. Ashe yana da daɗi a baki.

Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Matarka,
Maman Asma'u