Agogon Bayan Ƙofa

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 10:15 na safe, a shagon Baba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya yara? Tikitin jirgin sama na Baba ya iso, kuma tun jiya na kasa zama wuri ɗaya.

An rubuta tashi 9:40 na safe, sauka 4:10 na yamma. Baba ya ɗora gilashinsa na gyaran agogo a kai, ya ce, "Awa shida da rabi, ba laifi." Yaya, ba haka ba ne. Agogonku yana bayan namu da awa bakwai. Tafiyar awa goma sha uku da rabi ce, kilomita 11,240, babu sauka a hanya. Sau uku na lissafa. Kin san rantsuwarsa: ba zai zauna a sama fiye da awa bakwai da yake zama a shago ba. Likitanku kuma ya ce in aikin idon da za a yi masa a can ya wuce watan nan, na hagun ma zai tafi. Jiya ƙusar agogo ta faɗi a gaban yatsansa, yana ta lalube. Me zan ce masa?

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Sarkin lissafi, wa ya aike ka? Digirin da ka kwaso bara ba na tayar da hankalin tsoho ba ne. Ya ce shida da rabi, ka ce to. In an rufe ƙofar jirgi ai babu mai cewa direba a sauke ni a nan. Ka ja bakinka, don Allah. Ka gaida shi.

Yayarki, au, yayarka. Ka ga har ka rikita ni.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe 3:50 na yamma.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri, na faɗa masa. Yana shafa bayan wani agogo ya tambaye ni, "Auta, shida da rabi ko?" Na ji bakina ya ce sha uku da rabi.

Bai ɗago ba. Ya ce in duba bayan ƙofa. Kin tuna agogon bangon nan mai tsagaggen gilashi? Shekara shida ina ganinsa yana nuna lokacin banza, har na taɓa ce wa abokaina mai gyaran agogo ya kasa gyara nasa. Lokacin uku saura biyar. Shi yana nuna takwas saura biyar.

"Yanzu yayarka ke kai yara makaranta," in ji shi. "Ranar da ta tafi na saita shi. Kai da digirinka sai bana ka gano?"

Na ce to me ya sa ya ce shida da rabi? Ya ce yana so ya ga wanda zai fara yi masa ƙarya a cikinmu. Ya ce in gaishe ki da kyau.

Na tambaye shi ko zai hau jirgin. Ya miƙo mini ɗan mukullin agogon, ya ce, "Kar ka bari ya tsaya. Mutum biyu zai riƙa yi wa aiki."

Abin da ban sani ba har yanzu: ko za a ba shi kujerar gefen hanya saboda gwiwarsa, wa zai ɗiga masa maganin ido a awa ta takwas, me za ki ce masa a filin jirgi, da kuma sau nawa ake murza mukullin. Na ji kunyar tambaya.

Ƙaninki,
Auta